Ba man suya ne ya kashe tirelolin ba

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Tunda labarin da ke yawo a gareji shi ne wai ni na lalata injinan kamfani da "man suya", gara in faɗi yadda abin ya faru, ko yaran da suka rage za su tsira da wani abu.

Kun san motocin. Tireloli ne 'yan gwanjo daga Turai, ƙirar Euro 6, matakin da ya zama dole a kan sabbin manyan motoci a can tun 2014. Kowace tana da tukunyar DPF a jikin salansa, mai tare kunkunniya, da na'urar SCR mai shan wani ruwa da ake kira AdBlue don rage iskar NOx mai cutarwa da ke cikin hayaƙi. An ƙera su ne don dizal ɗin da salfarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mu kuwa a ƙasar da ta daɗe tana halatta 3,000 muke. Sai a 2020 ministocin ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, kuma abin da ke kan takarda daban, abin da mai tanka ke juye mana da daddare daban. Salfa tana dakushe sinadaran da ke cikin tukunyar, ga shi tukunyar ba ta ƙone kunkunniyar da ta tara sai zafi ya kai wajen digiri 600. Motar da direba zai bari a kunne ya kwanta barci a ƙarƙashinta, yaushe za ta kai nan? Tun kafin a kawo zancen wani sabon mai, motocin nan suna shan wahala.

Sai wani babban kwastoma ya ce yana son shaidar cewa muna rage hayaƙi kafin ya sabunta kwangila. A nan Oga, wanda ke sama da ni a kamfanin, ya ji sunan bayodizal, ya samo wani mai haɗa shi da ragowar man da gidajen abinci suka gama suya da shi. Ni ban ƙi ba, na ma yi murna. Man tsirrai da aka dafa da metanol da soda, aka raba shi da gilisarin, aka wanke shi tas, mai ne mai kyau: kusan babu salfa a cikinsa, kuma yana ƙonewa da ƙarancin baƙin hayaƙi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna a 2002 cewa gaurin kashi 20 cikin ɗari yana rage kunkunniya da kusan kashi 10, ko da yake yana ɗan ƙara iskar NOx da kusan kashi 2. Indonesiya ta kai gaurinta kashi 35 a 2023, motocinta kuma suna tafiya. Amma su shekaru suka yi suna hawa mataki mataki, da ɗakunan gwaji a bayansu. Turawan da suka ƙera motocinmu, yawanci gaurinsu ba ya wuce kashi 7 a dizal ɗin gidan mai.

Abu uku na roƙa. A kai man ɗakin gwaji a duba ruwa da sabulu da ragowar gilisarin. A wanke tankin ƙasa, a tanadi filtoci, domin bayodizal yana ɓamɓaro dattin shekaru daga jikin tanki ya tura shi gaba. A fara da kashi 5 a mota ɗaya. Amsar da na samu a gaban yarana ita ce: "Kai bakanike ne ko farfesa?" Washegari aka juye duro-duro cikin tankin ƙasa, awon ido, babu wanda zai iya rantsuwa ko kashi nawa ne.

Sauran kun gani da idonku. Filtoci suka riƙa toshewa a hanyar Kaduna. Nozul suka yi danƙo. Baƙin mai ya riƙa hawa a ma'auni maimakon ya ragu, saboda man da injin ke fesawa a ƙarshe don ɗumama tukunya yana gangarawa cikinsa, kuma bayodizal ba ya ƙafewa da sauƙi kamar dizal. Mafi muni, sodar da ba a wanke ba ta zama toka a cikin DPF, toka kuwa ba ta ƙonewa ko zafin ya kai nawa. Kwamfutocin motoci suka rage wa injina ƙarfi, tireloli da lodi suka koma tafiyar hawainiya.

Maganin da Oga ya kawo shi ne abin da har yau yake min ciwo. Ya sa aka yanke tukwanen aka yi waldar bututu miƙaƙƙe, aka saka 'yar na'urar da ke yaudarar kwamfuta ta ɗauka ana zuba AdBlue. Motoci suka tashi, hayaƙi ya fi na da baƙi, sannan aka kawo min rahoton "rage gurɓata iska" in sa hannu. Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, wannan kam ba da hannuna ba." Yaudara makamanciyar wannan, kwamfutar mota mai ɓoye yawan hayaƙi lokacin gwaji, ita ta jefa kamfanin Volkswagen cikin abin kunya a 2015, motoci wajen miliyan 11. Su aƙalla akwai hukumar da ta kama su.

Ranar da mai kamfani ya zauna da mu, Oga ya ce ni na zaɓi mai haɗa man, ni na ƙayyade gaurin. Duk umarninsa da baki ya bayar, wanda ya ji kuma yana tsoron abincinsa. Aka yanke min albashi. Bayan an tashi ya dafa kafaɗata ya ce in ɗauki ƙaddara. Don haka ƙannena, in babba ya ba ku umarni a kan mai ko salansa, ku tura masa saƙon waya cikin ladabi: "Yallaɓai, kamar yadda ka ce..." Ku ajiye amsarsa.

Sauran darussan gajeru ne. AdBlue yuriya ce tsaftatacciya kashi 32.5 cikin tataccen ruwa, takin gona da aka jiƙa da ruwan rijiya zai kashe muku famfonsa. Kada ku ajiye jarkokinsa a rana. Mota mai DPF tana son baƙin mai mai ƙarancin toka, ba kowane ba. Bayodizal yana jan ruwa kuma yana lalacewa a zafinmu, kada ya wuce 'yan watanni a tanki, kuma yana cin tsofaffin tiyo na roba. Kada ku tsaya a bayan salansa cikin rumfa: tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Ga wanda ya gaje ni: tukwanen da aka yanke suna bayan sito, na rubuta lambar kowace mota a jikinsu da fenti. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, toka ce kawai, ana iya wanke su a mayar. Kada ka bari a sayar wa 'yan gwangwan da kilo, akwai filatinam a ciki kuma sun fi Oga sanin haka.