Rigunan Afrika Shrine da na ɗinka a Gusau

Ɗinki ne sana'ata a Tudun Wada, nan Gusau, kuma kaftani da jamfa su ne abincina. Bara wani matashi da ya tashi a Agege, ɗan abokin mahaifina mai fataucin shanu, ya shigo shago ya ce: "Yaya, riguna nake so waɗanda za su tuna wa mutum Afrika Shrine. Legas zan kai su lokacin Felabration." Bikin ke nan da ake yi duk watan Oktoba don tunawa da mawaƙi Fela Kuti.

Ban taɓa almakashi ba sai da na bi tarihin wurin. Afrika Shrine kulob ne na kiɗa a Legas da Fela ya kafa a farkon shekarun 1970 a otal ɗin Empire da ke yankin Mushin, inda ake kwana ana kiɗa, Tony Allen na kan ganga, shi kuma yana caccakar gwamnatin soja a gaban jama'a. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta, daga baya kulob ɗin ya koma titin Pepple a Ikeja. Wanda ake zuwa yanzu 'ya'yansa Femi da Yeni ne suka buɗe a 2000, bayan rasuwarsa a 1997. Da na ji labarin gobarar nan sai aikin ya yi mini nauyi, domin wurin da mutane suka sha duka a kansa ya wuce a manna hoto a ƙirji a ce an gama.

Shi yaron hoton fuskar Fela ya so a buga. Na ce masa: "Ƙanena, rigar da ba za ka shiga masallaci da ita ba, sau nawa za ka sa ta?" Ya yi shiru, ya ce in yi yadda na gani.

Abin da na ɗauko daga tsofaffin hotuna biyu ne. Rigunan Fela na dandali matsattsu ne, masu launi mai ƙarfi, da aiki a ƙirji da hannu. 'Yan rawarsa kuma suna yi wa fuska ado da ɗigo-ɗigon fari. Waɗannan ɗigon na mayar surfani, farin zare a kan shadda ruwan ɗorawa da kore shar, suna zagaye wuya suna gangarowa aljihu. Nan aikin ya fi cin lokaci. Ɗigo in ya yi yawa yana tattare yadi, sai an sa gam ta ciki an sassauta zaren keke kafin ya kwanta. Shadda kuma ba ta miƙewa, don haka matsin na bar shi a kafaɗa kawai, na saki jiki yadda mutum zai yi ruku'u ba takura.

Ya tafi da su Legas ya sayar. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne wadda na rataye a shago: samarin unguwa da ba su taɓa jin sunan wurin ba suka riƙa tambaya, ina yi musu awo ina ba su labarin Kalakuta. Kafin ƙaramar Sallah, wannan wuyan aka fi nema a wajena.