Na'urar ji da ake dasawa a kunne: bayan tiyata ake fara aiki

Abin da ke damuna a Kano shi ne iyali su haɗa kuɗi a yi wa dattijo dashen na'urar ji a Indiya ko Masar, a dawo gida a ɗauka an gama.

Na'urar kashi biyu ce: ta ciki da likita ke dasawa har can ƙuryar kunne, bayan dodon kunne, da ta waje mai maganaɗisu da ke manne a bayan kunne. Sai bayan mako 2 zuwa 4 ake kunna ta. Da farko muryar mutane kamar ta rediyon da bai kama tasha ba take, har sai ƙwararre ya yi ta saita ta a kwamfuta sau da yawa a shekarar farko. A Ingila gwamnati ce ke ɗaukar nauyin wannan. Mu nan, kafin a tafi a tambaya: wa zai riƙa saitawa, ina za a samu kayan gyara?

Sai yanayinmu. Gumin bazara na lalata ta wajen, don haka kullum dare a sa ta a akwatin busarwa. Ƙurar hunturu na toshe murfin makirufo, sauti ya dushe, mutum ya zaci kunnen ne. A canza murfin duk wata 3. A cire ta kafin alwala. Hijabi mai matsewa na gogar makirufo. Batirin caji yini guda yake yi, ga halin wutarmu, a tanadi batirin da ba a caji mai lamba 675.

Don Allah a yi rigakafin sanƙarau kafin tiyata, kuma kada a shiga hoton MRI (hoton asibiti da ke aiki da maganaɗisu) sai an sanar da likita.