Wasiƙa daga Jidda: kafin ku sayi sabuwar talabijin

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri, Zuru da sauran garuruwan jiha. Mu 'yan uwanku ne masu sana'ar gyaran kayan lantarki a nan Jidda, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Saƙo ɗaya ne ke yawan zuwa daga gida: talabijin ta mutu, a taimaka a aiko da wata. Amsarmu ita ce a sayi talabijin a gida, a wurin da idan ta ba da matsala za a koma a sami mai amsawa. Amma kafin a kai ga saye, sai an san abin da ya kashe ta farko, domin idan yana nan bai gusa ba, sabuwar ma zai ci.

Ba kowace talabijin da ta ɗauke ce ta mutu ba. Idan an jona ta ko ɗan jan fitilar nan na gaba bai kama ba, a fara gwada wani soket da wata waya. In shiru, galibi bod ɗin wuta ne, wato allon da ke karɓar wuta ya rarraba ta a cikin akwatin: fis ya ƙone, ko kafasito, 'yan gwangwanayen da ke taskance wuta, sun kumbura, ko ɗan abin da ke tare hauhawar wuta ya fashe. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma bai kai a jefar da akwati ba. Idan kuwa sauti na fita amma fuskar baƙi ƙirin, a ɗauko tocila a haska gilashin daf da daf a cikin ɗaki mai duhu. Matuƙar an hango inuwar hoto yana motsi, gilashin lafiyarsa lau, fitilun LED da ke bayansa ne suka mutu. A nan a kula da abu guda: fitilun a jere suke a kan 'yan sanduna, kuma tare suka tsufa. Mai gyaran da ya canza ƙwaya ɗaya ko biyu ya rufe, bayan 'yan watanni za a dawo masa. A ce ya canza sandunan gaba ɗaya. Wadda ke tsayawa a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, matsalar babban bod ce ko manhajar cikinsa, kuma sau da yawa sake zuba manhaja yana tashe ta.

Wadda ba ta da magani ita ce mai fasasshen gilashi, ko wadda tabo kamar zubewar tawada ya bazu a fuskarta, ko layuka a tsaye da suka ƙi gushewa. Gilashin shi ne mafi tsada a jikin akwatin, sauya shi kusan sayen sabuwa ne. Ma'aunin da muke ba kowa shi ne: idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa mai girmanta, a haƙura. Tsohuwar kuma kada a yar, masu gyara na sayen bod da lasifika da rimot. Kuma don Allah kada yara su buɗe bayanta da sukundireba, akwai kafasiton da ke riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an cire daga soket.

Yanzu batun aike. Talabijin ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka an gina ta ne a kan wutar bolt 120, alhali tamu 230 ce, kuma tsarin kama tashoshinta dabam ne da namu, ba za ta kama komai da eriya a Najeriya ba. Ta Saudiyya da Dubai da Ingila wutarsu ta yi daidai da tamu, to amma garantinta na ƙasar da aka saye ta ne. Ranar da ta lalace a Kalgo ko Bunza, takardar ba ta da amfani. Ga kuɗin awo, ga kwastan, ga yadda ake jifa da kaya a filin jirgi, kuma gilashin yanzu siriri ne ƙwarai. Alhazai da masu Umara su ji wannan da kyau. Wanda ke waje ya aiko da kuɗin, a saya a gida, ya fi alheri ga kowa.

Sai girma. Inci da ake faɗa awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa ta gilashin kawai, ban da bakin roba. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 santimita 109, inci 55 kuma kusan 140. A tafi shago da tef ɗin awo, domin akwai masu rubuta 43 a kwali alhali abin da ke ciki 40 ne ko 39. Ɗakin da mai kallo ke zama mita biyu ko ƙasa da haka daga bango, inci 32 ya wadatar. Falo mai mita biyu da rabi zuwa uku shi ke ɗaukar 43 zuwa 55. Gidan kallon ƙwallo lissafinsa dabam, can girma da haske ake nema.

Kada rubutun 4K a kwali, wato alamar hoto mai tsabta sosai, ya ruɗi kowa. Yawancin tashoshin da ake kallo a gidajenmu ta dish ko dikoda ba su kai wannan tsabtar hoto ba, a kan babban gilashi ma sai hoton ya ƙara dishi-dishi. Kallon 4K na gaske ta intanet yana iya cin gigabayit 7 a awa ɗaya, matsakaicin mai tsabta kuma har 3. Wanda ba shi da data mai yawa, kuɗin da ya ƙara don wannan ya tafi a banza. A inci 43, wadda aka rubuta 1920 da 1080 a matsayin tsabtar hotonta ta isa. Abin da ya fi cancanta a duba a baya shi ne ramukan HDMI aƙalla biyu, ramin USB, ramin jan waya da fari da rawaya idan dikodar gidan tsohuwa ce, da kuma rubutun DVB-T2, wanda shi ne tsarin dijital da Najeriya ta ɗauka.

Ga mutanen Kebbi, lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wat, tana rubuce a takardar da ke manne a baya. Inci 32 na LED yakan ci wat 30 zuwa 50, inci 43 kamar 60 zuwa 90, inci 55 yakan haura 100. Filasma ta asali, ba wadda muke kiran kowace shafaffiyar talabijin da ita ba, takan ci ninki biyu ko uku na haka, ga zafi, kuma manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun wajen 2014. Mai sola ya yi lissafi kafin ya saya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma idan na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato 600. A cire abin da inbata ke sha, saura kamar 500. Talabijin mai wat 45 da dikoda mai wat 10 za su yi awa tara. A kan batir ɗin nan dai, inci 55 ba zai kai awa biyar ba, ba a ma sa fanka ba. A ƙauyukan da wutar NEPA ba ta zuwa, a nemi wadda ke aiki kai tsaye da bolt 12, ba ta bukatar inbata sam.

To, ina za a saya? Nan ne aka fi yin asara. Mafi aminci shi ne dilan da kamfani ya amince da shi, mai ba da katin garanti da hatimi. A Najeriya kamfanin Fouani ne ke rarraba LG da Hisense, sauran irin su Samsung da TCL da Polystar kowanne da nasa dilolin. Idan mai shago a Birnin Kebbi yana sarowa daga irin waɗannan, kuma zai rubuta lambar jikin akwatin a rasit, to a saya a wurinsa ko da ya ɗara Kano ko Legas da 'yan dubbai. Bambancin nan kuɗin mota da kasadar hanya sun cinye shi. Tambayar da za a yi masa kafin a taya ita ce: idan ta lalace a wata na biyar, wa zan kawo wa, kai ko kamfani, kuma ina wurin gyaran nasu yake, Sakkwato ne ko Kano ko Kaduna? Wanda ya amsa kai tsaye ya san kayansa. Wanda ya ce "Alhaji, ai ba ta lalacewa", a yi masa sallama.

Manyan kasuwanni irin Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas akwai zaɓi da sauƙin farashi, akwai 'yan kasuwa masu amana, akwai kuma jabu. Dabarar sananniya ce: a ɗauko akwati marar suna, a manna masa tambarin babban kamfani, a sa hoton tambarin ya fito idan an kunna. Ana gane ta. Lambar samfuri da lambar siriyal da ke baya dole su zo daidai da na kwali, su kuma zo daidai da wanda ke cikin saitin talabijin ɗin, a wurin bayanin na'ura. A buga lambar samfurin a waya a gani ko tana shafin kamfanin. Manyan LG masu intanet da manhajar webOS suke aiki, Samsung da Tizen, Hisense galibi da VIDAA. Idan an ce Samsung ce ta buɗe da wata Android marar kan gado, a ajiye. Tambarin da farce ke iya ɗagawa, da rimot marar nauyi kamar na wasan yara, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, duk shaida ne. Ƙaramin kamfani da ya fito da sunansa na gaskiya da garanti ya fi babban suna na ƙarya nesa ba kusa ba.

Saye ta intanet, a Jumia ko Konga, a duba wanda ke sayarwa, domin shafin kasuwa ne mai shaguna da yawa. A zaɓi shagon kamfanin kansa, a karanta kwanakin da aka ba da na mayar da kaya, a buɗe kwali a ranar da ya iso ana ɗaukar bidiyo. A Jiji da Facebook da WhatsApp kuwa, kada a tura ko sisi sai an ga kaya an gwada. Ba a cinikin biri a sama.

Na hannu, 'yan Kwatano da ke shigowa ta wajen Kamba da Lolo, ba haramun ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, amma a san abin da aka saya: fitilun sun riga sun ci shekaru, ba garanti. A tafi da mai gyara, a bar ta a kunne rabin awa, a taɓa baya a ji zafinta, a dubi kan sukurori ko sun sha buɗewa.

Ko sabuwa ce dal, a gwada ta a shago kafin a biya. A zo da filashi mai hotuna biyar: fari zalla, baƙi, ja, kore, shuɗi. A kan fari ake ganin tabo da duhun gefe, a kan baƙi ake ganin ɗigon da ya maƙale yana haske. A gwada kowane ramin HDMI, a ƙure sauti a ji ko lasifika na karkarwa. Rasit ya ƙunshi sunan shago, kwanan wata, samfuri da siriyal, a ɗauki hotonsa a waya domin tawadar rasit na gogewa. Rubutun "kaya idan ya fita ba ya dawowa" bai shafe haƙƙin mai saye ba. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba da damar gyara ko canji ko mayar da kuɗi a kan kaya mai aibi, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, na karɓar ƙorafi. Sai dai garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, ko shigar ruwa, ko ƙonewa daga wuta.

Shi ya sa ɗauko ta ma aiki ne. A tsaye ake ɗaukar ta, cikin kwalinta da soson da ta zo da shi, a kujerar baya. Idan aka kwantar da ita, tsakiyar gilashin ba shi da abin tokara, rami ɗaya a hanyar Jega ko Koko ya isa ya tsaga shi. Kada a ba direban tasha ya ɗora buhu a kai, kada a ɗaure ta da roba a bayan babur.

Sai mu koma kan abin da ya kashe ta farko. Talabijin ta zamani tana jure ƙarancin wuta, yawancinsu an rubuta bolt 100 zuwa 240 a baya. Abin da ba ta jurewa shi ne hauhawa: lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko wayar nutural ta tsinke a taransifoma wuta ta doshi bolt 400 a gidaje. Maganinsa ɗan na'urar kariya da ake sawa a soket, mai yanke wuta idan ta hau ta kuma jira ɗan lokaci kafin ta sake ta. Kuɗinta ƙalilan ne a kan kuɗin akwatin, a sa ta cikin lissafi tun ranar saye. Inda wuta ke faɗuwa ƙasa sosai a ƙara sitabilaiza, mai lambar ƙarfi 500VA ko 1,000VA ya ishi talabijin da dikoda. Mai janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna, ya kashe talabijin kafin ya kashe inji, kuma kada ya bari mai ya ƙare tana kunne, wannan shaƙewar da inji ke yi ita ke dukan bod. Da damina, idan hadari ya taso da walƙiya, cire filogi kaɗai bai isa ba, a cire wayar dish da ta eriya, domin ta nan tsawa ke bi ta ƙone dikoda da ramukan HDMI.

Zafin bazara a Kebbi yana haura digiri 40, kuma zafi ke rage kwanan fitilun LED. Daga shago ana kawo ta da haske a ƙure don ta ja ido. A shiga saiti a rage hasken baya zuwa 60 ko 70 cikin ɗari, wuta ma za ta ragu. A bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninta da bango, kada a cusa ta cikin kabad, kada ta fuskanci taga. Ginin ƙasa ba ya riƙe ƙarfen rataya, a ɗora ta a tebur mai faɗi a ɗaure ta baya saboda yara. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle idan tana kashe, a yaye idan an kunna. Gogewa kuma da busasshen tsumma mai laushi, kada a fesa ruwa a gilashi, domin yana gangarawa gindin fuskar inda siraran wayoyi suke, daga nan layukan nan marasa magani ke farawa.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalamu alaikum.

'Yan uwanku masu gyaran lantarki,
Jidda, Saudiyya