Ƙaramin hanji da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rai

A garuruwanmu na bakin kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo, damina ba ta wucewa ba tare da an ji labarin amai da gudawa ba, musamman idan ambaliya ta shiga rijiyoyi. Abin da yake damuna shi ne yadda har yanzu ake raina ruwan gishiri da sukari, ana ganin in ba allura ko ƙarin ruwa aka yi wa yaro ba, to ba a yi masa magani ba. Ina ganin wannan rainin ya samo asali ne daga rashin sanin aikin ƙaramin hanji.

Siririntakarsa ce ta sa ake kiransa ƙarami, amma tsawonsa yakan kai kimanin mita 6, a naɗe cikin ciki. Kashi uku ne. Na farko, wanda bai wuce santimita 25 ba, shi yake karɓar abinci daga tumbi, kuma nan ruwan matsarmama yake zuba don narkar da maiƙo. Sauran biyun aikinsu tsotse amfanin abinci zuwa jini. Bangonsa na ciki ba sumul yake ba. Cike yake da ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, waɗanda suke faɗaɗa wurin tsotsar har ya kai kusan murabba'in mita 30.

Ba abinci kaɗai yake tsotsa ba. Kusan lita 9 ta ruwa ce take ratsa shi kullum, idan aka haɗa wanda muka sha da yawu da sauran ruwan narkar da abinci, kuma shi ne yake mayar da mafi yawanta cikin jiki. Ƙwayar kwalara tana sakin guba da take juya wannan aiki, sai hanjin ya riƙa tsiyayar da ruwa maimakon ya tsotse shi. Shi ya sa cikin yini guda za ka ga idon yaro ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, in ka ja fatar cikinsa ka saki sai ta daɗe ba ta koma ba.

To amma akwai wata hanya a bangon hanjin da gubar ba ta rufewa, wadda sukari da gishiri suke shiga tare, ruwa kuma ya bi bayansu. Kan wannan aka gina maganin. A 1971, wani likita ɗan Indiya, Dakta Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya bayan ruwan da ake ƙara wa majiyyata ta jijiya ya ƙare masa, sai mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Saboda haka awo ba abin wasa ba ne. Idan babu na ƙunshi da ake samu a kemis ko asibiti, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yawan sukari yana ƙara gudawar, yawan gishiri kuma haɗari ne ga yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ko ya amayar a dakata minti goma a ci gaba, kada kuma uwa ta janye masa nono. Idan ya kasa sha, ko ya galabaita, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da ɗura masa a hanya.