Abin da gonakin Laxton suka koya mini

A cikin darussan labarin ƙasa da na tarihi da na yi, babu wanda ya sauya mini yadda nake duban taswira kamar nazarin Laxton, wata ƙaramar gundumar karkara a yankin Nottinghamshire na Ingila. Irin wannan gunduma asalinta yankin da coci guda ke kula da shi ne, sai a 1894 doka ta kafa wa ƙauyuka majalisunsu, ta raba harkar mulki da ta coci.

Laxton ta yi suna ne saboda har yau ana noma a cikinta bisa tsarin da sauran ƙauyukan Ingila suka bari tun tuni. Manyan filaye uku ne marasa shinge, an yanka kowanne zuwa dogayen gonaki sirara, kuma gonakin manomi guda a warwatse suke, don kada wani ya kwashe ƙasa mai kyau shi kaɗai. A shekara fili ɗaya yana ɗaukar alkama, ɗaya amfanin bazara, na ukun kuma a bar shi ya huta.

Babban darasin da na ɗauka shi ne taswira ita kaɗai ba ta faɗin kome sai an haɗa ta da takardun mutanen wurin. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635, wadda ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ta nuna gonakin ɗaya bayan ɗaya, har da hotunan masu huɗa da masu girbi. Amma takardun kotun ƙauyen ne ke bayyana yadda aka hana maƙwabci cin iyakar maƙwabcinsa. Kotun tana nan da ranta. Kowace shekara wajen ƙarshen kaka, zaɓaɓɓun manoma kan zaga fili su kafa turakun itace a kan iyakoki, sannan a zauna a ci tarar duk wanda garmarsa ta ƙetare.

Na kuma koyi yin hattara da bayani mai daɗin ji, wai son al'ada ne ya tsare tsarin. A ganina mallakar ƙasa ta fi ƙarfi a nan, domin manoman 'yan haya ne, kuma masu ƙasar ba su kai ga killace filayen gaba ɗaya ba a lokacin da maƙwabta suka yi. Da ma'aikatar gona ta sayi ƙasar a 1952, ta saye ta ne da niyyar a ci gaba da noman yadda yake.