Ranar da Fijo ta zama abin kallo

Tun ƙarfe shida na safe na fito da ita daga gareji na bar ta tana ɗumi, uwargida tana leƙowa ta taga tana cewa in maƙwabta suka kai ƙara babu ruwanta. Peugeot 504 ce, Fijo dai da kowa ya sani, ƙirar 1978, ruwan madara. Shekara uku ke nan ina zuba mata kuɗin da ba na son a tambaye ni adadinsu. Uwargida kishiya take ce mata, ban kuma taɓa musu ba.

Wata Lahadi ce a watan Afrilu, ranar da masu tsofaffin motoci a nan Ingila suke kira Drive It Day. Ranar kowa kan fito da tsohuwarsa ya hau titi, don tunawa da gwajin tafiyar mil 1,000 da aka taso daga Landan a watan Afrilun 1900, lokacin da mutane ba su gama yarda mota za ta iya maye gurbin doki ba. Ƙungiyar da na shiga bara ta shirya mu haɗu a Skipton, mu ratsa ƙauyukan tsaunukan Yorkshire, tafiyar kamar mil 60. Daga Bradford inda muke zaune ba nisa. Na ɗauki babban yarona mai shekara 14 ya zama ɗan jagora, mahaifiyarsa ta cika mana fulas da shayi mai citta da kanumfari, ta haɗa da dambun nama, don ta san abin da ake karyawa da shi a irin wannan taro ba namu ba ne.

Motoci 26 na ƙirga a filin. Akwai MGB har guda biyar, da Morris Minor uku, da Mini, da Triumph, da wata tsohuwar Land Rover da ta fi kowa hayaƙi. Yawancin masu su sun haura 60, kowa da tsumma a aljihu yana goge ƙurar da ni ban gani ba. Ni da na shigo ina jin kunyar tsatsar da ta fara cin gindin ƙofar baya, sai ga shi ni aka yi wa caa. Wani dattijo mai jar MGB ya zagaya motar sau biyu, ya ce rabonsa da ganin 504 a kan titi ya manta. Ya ce gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi ya cinye wasu, sauran kuma an loda su a jirgin ruwa an kai Afirka. Na ce masa ai ni shaida ne, gun mu suka sauka.

Dariya ta kama ni a raina. Motar da na tashi na ga ana ɗaura mata akuya a but! Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da irinta ya ciyar da mu, yana lodi daga tashar Kawo a Kaduna zuwa Zariya, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhun masara da kwanon sha duk a ciki. A Kakuri ake haɗa su tun 1975, kuma bayan Faransa ta daina ƙera ta da daɗewa, Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006. Gwamna Fijo, sakatare Fijo, ɗan tasi Fijo. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta. A Skipton kuwa wani ya durƙusa yana ɗaukar hoton fitilarta, yana gaya mini kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ita aka zaɓa motar shekara a Turai a 1969. Na ce masa ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, don kada a ce ɗan Kaduna ya zo hannu rabbana.

Aka raba mana takardar hanya. Babu taswira a ciki, sai ƙananan zane: ɗigo yana nuna inda kake, kibiya tana nuna inda za ka karya, a gefe an rubuta mil nawa. Yarona ya ce, "Abba, waya fa tana nan." Na ce yau waya tana hutu. Ana sakin mota ɗaya duk bayan minti guda don kada mu tare wa mutanen gari hanya, kuma an ja mana kunne cewa ba tsere ba ne.

Daga Skipton zuwa Kettlewell tafiya ce mai daɗi, kogin Wharfe yana gefe, ga dutsen Kilnsey ya rankwafo kamar zai faɗo kan titi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina katangun gonakin ne. Dutse ne a kan dutse, babu siminti babu laka, sun hau tsauni sun sauko har inda ido ya ƙare. Lokacin haihuwar tumaki ne, ko'ina 'yan raguna, an shafa wa iyayen fenti ja ko shuɗi a gadon baya don kowa ya gane nasa. A bakin makiyaya ana shimfiɗa ƙarafuna a kan rami a tsakiyar titi, mota ta wuce, tunkiya ta kasa. Ƙananan motocin da ke gabana suna isa wurin sai su lallaɓa kamar mai taka ƙaya. Fijo ko a jikinta. Motar da ta saba da kwazazzaban damina, me ƙarfe goma zai yi mata?

Bayan Buckden hanya ta tsuke ta koma ta mota ɗaya, da 'yan wuraren raɓewa jefi-jefi. A nan na ga wani abu da har yanzu yake ba ni mamaki: duk wanda ya raɓe maka sai ka ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, ba hon ba zagi. Muka fara hawan Fleet Moss, na sauko giya ta biyu, idona a kan allurar zafi. Lagireton sabo ne amma zuciya ba ta yarda ba. Ita kuwa ta yi ta gurnani tana hawa, irin gurnanin da ban san na haddace shi ba sai da na ji shi. Ga warin kujera da rana ta ɗan taɓa, ga ƙamshin fetur kaɗan-kaɗan. Sai na ga kaina ɗan shekara tara, a matse tsakanin Baba da fasinja, yana ture mini gwiwa duk sanda zai canza giya. Bambancin kawai, tasa sitiyarinta a hagu yake, tawa a dama. Yarona ya ce, "Abba, lafiya ka yi shiru?" Na ce masa duba takardarka.

Dab da ƙololuwa muka tarar da jar MGB a raɓe, dattijon nan yana tsaye hannu a ƙugu. Mota ta mutu. Muka tsaya, mu huɗu, don a irin wannan fita ba a wuce ɗan'uwa. Na ɗauka zai kira masu janwe. Sai ya ɗauko sifana, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta gefen tayar baya ta dama, ya ce wa matarsa ta murɗa makulli. Ƙwas, ƙwas, ya doki famfon mai sau biyu. Muka ji tik-tik-tik, mota ta tashi. Ya ce famfon na lantarki ne, in ya tsufa bakinsa yakan liƙe, sai an tashe shi da duka. Na ce masa wallahi da a Panteka ka yi wannan, da an ba ka rumfa. Na ba shi labarin bakaniken Baba da ke zuƙo fetur da baki ya fesa a kafireta, ya kuma toshe tankin da ke yoyo da sabulu. Ya riƙe ciki yana dariya, ya ce sabulun shi ma mahaifinsa ya yi.

A Hawes aka tsaya cin abinci. Garin cuku ne, kowa ya nufi shago. Mu muka samu gefen wani fili muka shimfiɗa darduma tsakanin Fijo da katanga muka yi azahar, iska tana neman ɗauke hular yarona, wata tunkiya ta tsaya tana kallonmu har muka sallame. Da muka koma, dattijon ya ajiye mana kujeru. Na miƙa masa dambun nama. Ya ɗanɗana, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya sake miƙo hannu.

Wani abu guda dai bai kwanta mini ba. Akwai wanda ya zo da motar da ya ce a shekara ba ta yin mil 300, kuma da aka fara yayyafi a hanyar Buttertubs ya juya gida don kada ruwa ya taɓa ta. Gwamnati a nan ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya da gwajin shekara-shekara, amma duk da haka wasu a ɗaki suke kulle su kamar amarya. Ni a ganina motar da ba ta tafiya kwanon jere ce. Kodayake in na faɗi gaskiya, da mu ma mun ɗan iya wannan kullen, da ba sai na zo Yorkshire zan ga ana girmama Fijo ba. Namu mun more su har suka zama kaskon suya da murhun gawayi.

Buttertubs ɗin kansa wasu ramuka ne masu zurfi a cikin dutse a bakin hanya, an ce manoma kan zura man shanu a ciki don ya yi sanyi in sun taso kasuwa. Muka leƙa, sanyi ya koro mu. Muka sauka Thwaite, muka juyo, aka ƙare a gindin gadar jirgin ƙasa ta Ribblehead mai baka 24, inda aka jera motocin aka ɗauki hoto, tawa a ƙarshen layi, taɓo har ƙofa.

A hanyar komawa yarona ya tambaye ni ko Kaka ya taɓa barina na tuƙa tasa. Na ce sau ɗaya, a filin idi, kuma na kashe ta sau uku kafin in saki kuloci daidai. Ya yi shiru har muka wuce Settle, sannan ya ce shi saura shekara uku ya isa fara koyon tuƙi a kan titi.