Season of the Witch ta zauna a hannuna

Alhamdulillahi, jiya da dare waƙar nan ta Donovan ta yarda da ni a kan jita! Wanda ya taɓa gwada ta ya san yaudararta: baitocinta kamun yatsu biyu ne kawai, A7 da D7, kai da komo, sai E da ke leƙowa a amshi. Yatsu sun haddace tun ranar farko, amma in na kaɗa sai ta fito lami, kamar miya ba gishiri. Abin ya ci mini tuwo a ƙwarya, har na jingine jitar na ɗan lokaci don haushi.

Na yi ta sauraron ta asali, ta faifan Sunshine Superman na 1966. Daga nan na koma ta Al Kooper da Stephen Stills a faifan Super Session na 1968, wadda suka ja ta kusan minti 11 ba ta gundure ka ba. Saboda Stills na sayi fedar wah, abin takawa da ƙafa mai lanƙwasa sautin jita, kuɗinta kuwa har yau ina jin zafinsa. Ta ƙara armashi, amma ba ta taɓa matsalar ba.

Ashe maganin yana hannun hagu. Da zarar ka bugi A7, sassauta yatsunka, kada ka ɗaga su, su dai kwanta a kan tsirkiya su kashe sautin. Hannun dama kuma kada ya tsaya, ya ci gaba da sauka da hawa, bugun da ya faɗa kan tsirkiyar da aka kashe ya ba da "cak" ɗin nan. Wahalar ita ce tsirkiyoyin A da G a sake suke, ba yatsa a kansu, sai su yi ta ƙara bayan sauran sun yi shiru. Sai da na kwantar da ƙaramin yatsa a kansu, gefen tafin dama kuma ya danne masu kauri kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a kan cikin jitar. Na rage gudu sosai, ina buga ƙafa, har wuyan hannu ya saba.

Ta Julie Driscoll da Brian Auger ta 1967 ogan, kayan kiɗa mai kama da fiyano, ne ke ɗauke da ita, ta Lana Del Rey ta 2019 kuwa ta yi mini sanyi da yawa. Ta Stills nake bi yanzu. Shiga amshi ne ya rage, don ina isa E sai na ƙara gudu. 'Yan uwa, wa ya shawo kan wannan?